Zomanya in ta fara tsige gashi, duba kwanan wata tukuna

Shekara biyar ke nan ina kiwon zomaye a bayan gidanmu nan Mabera cikin Sakkwato, yanzu ina da uwaye 14 da maza 3, mafi yawa farare irin New Zealand sai irin Chinchilla kaɗan, kuma wallahi a sana'ar ga ba abinci ya fi ba ni wahala ba, ba kasuwa ba, sanin ranar haihuwa ne.

Zomanya kwana 31 take yi da ciki, wata ta riga da kwana ɗaya ko biyu, wata ta ɗan ƙara. Shi ya sa ko wane keji akwai ɗan kwali da na ɗaure da waya, ranar da anka yi barbara nan take nike rubutawa. Kuma macen ake kai wa namiji, in ka kawo shi kejinta faɗa za ta kama shi da shi har ta ji mai ciwo. In an kwana 12 zuwa 14 sai in ɗora ta kan benci in sa hannu ƙasan mara a hankali, in ciki ya shiga za ka ji 'yan ƙulalai kamar 'ya'yan kanya suna sulɓewa tsakanin yatsu. Kar dai ka matsa.

Bara da bazara ɗan ƙanwata da ke taya ni aiki ya rugo yana haki, "Kawu, kawu, fara mai yankakken kunne za ta haihu, ga ta can bakinta cike da ciyawa!" Na je na iske ta kuwa tana ta safa da marwa cikin keji, ta tsige gashin ƙirjinta ta tara a lungu. Na duba kwali, kwana 17 kacal. Na ce mai yaro wannan ba ciki ba ne. Ita zomanya ba ta sakin ƙwai sai an hau ta, to in namijin bai ɗirka mata ciki ba, ko ma 'yar uwarta mace ta hau ta, jikinta sai ya ɗauka akwai ciki, ta yi ta shiri kwana 16 zuwa 18 sannan abin ya wuce. Kuma zafin Sakkwato na Afrilu da Mayu da ke haura 40 yana raunana maza sosai, don haka yanzu in bazara ta yi tsanani hutar da su nike, in jiƙa buhu in rataya jikin keji.

Mai cikin gaskiya sai kusa da haihuwa take wannan shiri, wata ma sai daren. Kwana 28 da barbara nike sa mata akwatin haihuwa da busasshiyar ciyawa mai laushi, in ka sa da wuri masai za ta mai da shi. In ka makara kuma, to abin da ya same ni shekarata ta farko ke nan, cikin Janairu hunturu na busawa, na fito bayan asuba na iske ɗiya 8 baje kan waya, jajaye ba gashi idanu rufe, sun yi sanyi ƙalau. Na kwashe su na sa cikin rigata jikin fata na tsuguna gaban murhu, uku sunka motsa, biyar ko sun riga sun tafi. Ran nan ko karyawa ban iya ba.

Ruwa kuma kar ya yanke mata daren haihuwa, ƙishirwa na cikin abin da ke sa ta cinye ɗiyanta. Harawa da dusa na ƙara mata, da ganyen zogale in an samu.

Masu sayen uwaye wurina kan bugo waya hankali tashe, wai malam ta ƙi ɗiyanta ba ta shiga akwati. Haka take, sau ɗaya ko biyu take shayarwa a rana, 'yan mintuna, galibi cikin dare ba mai gani. Ka wanke hannu ka buɗe gashin ka duba cikkunansu, in sun yi tim babu tamoji to suna sha, wanda ya mutu ka cire shi kar ya ɓata sheƙar. Kwana 10 zuwa 12 idanu za su buɗe. Satin ga uwaye huɗu nike jira, akwatunansu na shanye a rana tun jiya.