Tsohon farantin parabol da ya kai intanet garkar yayana

Garkar yayana tana bakin Gulbi, shagona na gyaran waya kuma yana unguwar Zariya, tsakaninmu kamar kilomita 4. Ya kafa kyamara kusa da injin ban ruwa, yana so ya riƙa ganin wurin daga cikin gari. Wi-Fi na shago kuwa da ƙyar yake tsallake katanga biyu, shi ya sa na haɗa eriya da hannuna, ɗaya nan ɗaya can.

Eriya ba ta ƙara wa na'ura wuta. Tattara siginar take yi ta tura shi gefe guda, kamar yadda madubin cocila yake tara hasken ƙwai. A gigahaz 2.4, mitar da Wi-Fi ɗin yake aiki a kai, tsawon zangon igiyar rediyon bai wuce santimita 12.5 ba, kuma daga nan kowane awo yake fitowa. Na lanƙwasa wayar tagulla ta zama murabba'i biyu manne da juna, kowane gefe kusan santimita 3, na tsayar da ita santimita 1.5 gaban faifan ƙarfe. Ita kaɗai tana ba da wajen dBi 11, wato ma'aunin yadda eriya take tattara sigina. Da na ɗaure ta a hannun tsohon farantin parabol mai faɗin santimita 90, daidai inda kan da yake kama siginar tauraron ɗan'adam yake zama, lissafi ya kai wajen 24. Duk ƙarin dB 3 ninka ƙarfin siginar yake yi sau biyu.

Samun wannan ƙarfi bai kai riƙe shi wuya ba. Siririn kebul irin RG-58 yana cinye kusan dB 1 a kowace mita, wato idan ka ja mita goma daga rufi zuwa ɗaki, ka zubar da yawancin abin da farantin ya tara. Kebul na talabijin kuma bai dace ba, shi mai om 75 ne, Wi-Fi mai 50 yake so. Sai na sa na'urar Wi-Fi ɗin cikin akwatin roba a bayan farantin, kebul ɗin bai kai kamu biyu ba, wayar intanet ce ta sauko ƙasa.

Saiti ya fi komai cin rai. Faɗin abin da farantin yake gani bai fi digiri 10 ba, ga shi irin waɗannan faranta an ƙera su suna kallon sama da digiri ashirin da wani abu, ko da ka ga fuskarsu a miƙe. Dole ka sunkuyar da shi har maƙwabta su ce ƙasa kake nema. Ina kan soro, yaya yana can da waya a kunne.

"Yaya, ɗan taɓa shi hagu. A'a, ya yi yawa, maido kaɗan!"

Wayar tagullar ma sai ta kwanta iri ɗaya a ɓangarorin biyu, in ba haka ba siginar ya faɗi warwas.

Hango juna da ido kuma bai wadatar ba. A wannan nisa igiyar tana son fili na kusan mita 11 kewaye da layin da ke tsakanin eriyoyin biyu a tsakiyar hanya, aƙalla dai mita 7. Bedi da mangwaron fadama sun shiga ciki, ganye mai ruwa kuwa yana shanye wannan igiya. Mai walda ya ƙara mana tsawon bututu a garka, muka ɗaure shi da waya ta kusurwa uku saboda iskar farkon damina, muka binne sandar tagulla don tsawa. Yanzu duk bayan hadari mai ƙarfi nakan hau in duba ko kusoshi sun saki.