Kakar da Fenerbahçe ta ci kofin ƙwallon kwando na Turai ina baƙo a Santanbul

Tambaya biyu ake tarbar baƙo da su a Santanbul: daga ina kake, kuma wace ƙungiya kake yi? Ta farkon kan ƙare zance da wuri, domin da na ce Najeriya sai mutum ya gyaɗa kai ya koma kan wayarsa. Ta biyun ce ke buɗe hira, ni kuwa ba ni da amsarta. A gida gasar Ingila muka sani, a nan kuma ba wanda ya damu da ita sosai. Ko dai kana Fenerbahçe, ko Galatasaray, ko Beşiktaş.

Na sauka garin a 2016, ba da jimawa ba bayan yunƙurin juyin mulkin 15 ga Yuli. Jar tuta a kowace taga, 'yan sanda a kowace tasha, kowa na taka-tsantsan da baki. Na samu aiki a wani shagon tura kaya a Laleli, muna auna buhunan abaya da takalma da kayan yara na 'yan kasuwar Kano da Yamai. Ɗaki kuwa sai a ɓangaren Asiya na samu daidai aljihuna. Kullum da safe in hau jirgin ruwa daga Kadıköy zuwa Eminönü, in kama ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari zuwa shago. Da hunturu ya shigo, ɗakina ba ya zaunuwa da daddare, shi ya sa na fara fakewa a wurin mai shayin unguwa, inda akwai ɗumi da talabijin.

Kadıköy gidan Fenerbahçe ne, kuma a shekarar nan ƙwallon kwando ce ta riƙe mutuncin unguwar. Daren Alhamis ko Juma'a dattawa kan ture allon wasansu gefe, a juya kujeru. Gasar ita ce EuroLeague, kuma a kakar 2016 zuwa 2017 aka sake mata fasali: ƙungiyoyi 16, kowace ta kara da kowace gida da waje, wasa 30 ke nan kafin takwas na sama su shiga zagayen da wanda ya fara cin wasa uku ke wucewa. Huɗu daga cikinsu na Santanbul ne, Fenerbahçe da Anadolu Efes da Galatasaray da Darüşşafaka. Mutanen shagon shayin suna ɗauke da tsohon ciwo. A Mayun 2016, a Berlin, CSKA Moscow ta doke Fenerbahçe a wasan ƙarshe da 101 da 96 bayan ƙarin lokaci, kuma har lokacin ba a daina zagin alƙalan wasan ba.

Wani dare mai shayin, dattijo mai farin gashin baki, ya ajiye mini ƙaramin kofin gilashi, ya nuna talabijin da cokali.

"Ɗana, ba Najeriya ka ce ba? To ga ɗan'uwanka can."

Ekpe Udoh yake nufi, dogon ɗan wasan Fenerbahçe da ke tsaye ƙarƙashin kwando yana kaɗe ƙwallon duk wanda ya yi gangancin zuwa kusa. A Amurka aka haife shi, iyayensa ne 'yan Najeriya, kuma da mun haɗu a hanya Turanci ne kaɗai zai haɗa mu. Ban tsaya yi wa dattijon wannan bayanin ba. Na ce, "Haka ne, Baba." Daga ranar, duk lokacin da Udoh ya tare ƙwallo sai hannaye su sauka a kafaɗata kamar ni na yi tsallen. Aka matsa mini kujera zuwa gaba. Wani tela da bai taɓa amsa sallamata ba ya ɗauki aikin koya mini dokoki: kashi huɗu na minti goma-goma, daƙiƙa 24 a jefa ko a rasa ƙwallo, maki uku ga wanda ya jefa daga bayan layi. Mafi yawan Turkancin da nake yi yau a nan na tsince shi, har da wanda ba a faɗa a gaban surukai.

Akwai wani ɗan wasan da ya fi ba ni abin tunani, Bobby Dixon, gajere, mutumin Chicago, wanda ya karɓi takardar zama ɗan Turkiyya da sunan Ali Muhammed. Ni a lokacin ina ta zarya kan takardar izinin zama: inshorar lafiya, yarjejeniyar haya mai hatimi, hotuna, jiran rana. Ban yi masa hassada ba, ya yi guminsa. Amma na gane ƙofar ƙasa tana da faɗi biyu, ɗaya ga wanda ake so, ɗaya ga wanda aka haƙura da shi.

Kakar ba ta zo wa 'yan Fenerbahçe da sauƙi ba. A matsayi na biyar suka ƙare, abin da ya sa wasa biyu na farko da Panathinaikos a Athens za a yi, a filin da baƙi ba sa fita da daɗi. Suka ci duka biyun, suka dawo gida suka ƙarasa, uku da nema. Kocinsu Željko Obradović, mutumin Sabiya, idan ya kira hutu fuskarsa har launi take sakewa don faɗa, kuma dattawan shagon, waɗanda ba sa raga wa kowane kocin ƙwallon ƙafa, ba na jin sun taɓa cewa ya yi kuskure.

Wasannin huɗun ƙarshe a Santanbul aka yi su, a zauren Sinan Erdem da ke ɓangaren Turai. Tikiti ya fi ƙarfina, a shagon na kalla. Ranar 19 ga Mayu 2017 suka cire Real Madrid da 84 da 75. Ranar 21 suka haɗu da Olympiacos ta Girka, wadda ta kori CSKA, aka tashi 80 da 64. Karo na farko ke nan da wata ƙungiyar Turkiyya ta ɗauki wannan kofi, na tara kuma ga Obradović. Da aka sanar cewa Udoh ne gwarzon wasannin, telan nan ya rungume ni yana kuka. Muka fita titin Bağdat, motoci cak, hayaƙin wuta ja da rawaya ya rufe sama, wani ya rataya mini ƙyallen wuya mai rawaya da shuɗi. Matasa suna tsayar da ni suna kiran sunan Udoh, ana ɗaukar hoto. Da safe na isa Laleli murya a dishe, maigidana, ɗan Galatasaray ne, ya ƙi yi mini magana har azahar.

Na san farin jinin na aro ne. Ɗan sandan da ke tsayar da ni a tasha bai rage tambaya ko ɗaya ba saboda kofi. Kafin sabuwar kaka Udoh ya koma Amurka, Utah Jazz, wani tauraron ƙungiyar, Bogdan Bogdanović, ya tafi Sacramento Kings. Kujerata a shagon dai ba wanda ya janye ta. A can na kalli wasan ƙarshe na 2018, lokacin da Real Madrid da yaronta Luka Dončić suka doke mu a Belgrade, kuma telan ne daga baya ya raka ni wurin wani mai gida ya tsaya mini har na samu ɗaki mai ɗumi.