Gyaran Tsofaffin Zauruka a Daura

Ginin ƙasa gado ne a gidanmu, kuma a yau ni da ma'aikatana shida muna cin abinci ne da gyaran tsofaffin zauruka da soraye a cikin garin Daura. Baƙi kan zo daga nesa, wasu ma su tsallako iyaka ta Kongolam daga Nijar, domin su ga rijiyar Kusugu, inda tarihin baka ya ce Bayajida ya kashe macijin da ya hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, daga nan su wuce fada. Amma ba kasafai suke ɗaga kai su dubi gidajen da ke kan hanya ba, alhali a cikinsu akwai zaurukan da masu su ke cewa an gina su tun zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966.

Aikinmu yana farawa da zarar damina ta ɗauke. Mukan kwaɓa ƙasa da ciyawa mu bar ta ta kwana biyu kafin a yi tubali, sannan mu hau rufi mu duba indararo da gindin zankwaye, domin ta nan ruwa yake fara yin ɓarna. Idan azara ta ruɓe a cikin bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, sai an tokare rufin an zare ta ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan aiki ba na mai gaggawa ba ne. Azarar giginya ta ƙwarai, wadda gara ba ta ci, ta yi wuya ƙwarai yanzu. Makuba kuwa, wadda ake shafe bango da ita don kare shi daga ruwa, sai an yi cigiyar masu tara ɓawon ɗorawa a ƙauyuka.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne shawo kan masu gida game da siminti. Bara wani dattijo ya kira ni na duba zauren kakansa, wanda aka yaɓe da siminti don ya huta da gyaran shekara-shekara. Da na ƙwanƙwasa bangon sai na ji yana amo kamar ganga, domin laima ta taru a ciki ta rasa hanyar fita, ƙasar ta zama gari. Mako uku muka yi muna ɓamɓare simintin muna cike ramuka da sabuwar ƙasa, shi kuwa yana zaune a kan buzunsa yana tambayata ko zanen da ke saman ƙofa zai tsira. Rabinsa muka iya cetowa.