Kwana Huɗu a Blackpool, Ba Abokiyar Rawa

Saura kwana tara mu tashi ƙawata ta bugo min waya, muryarta a sanyaye. Mahaifiyarta ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, don haka tafiya ta fasa. Mun riga mun biya kuɗin kwana huɗu a wani otal a Blackpool, garin bakin teku da ke arewa maso yammacin Ingila, inda ake shirya wa masu koyon rawar bibbiyu irin ta Turawa hutu na musamman, darasi da safe, rawa da dare. Na yi mata jaje, na ajiye waya, na zauna bakin gado ina tunanin ko in nemi a mayar min da abin da zai mayu daga kuɗina.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Mancesta, 'yar Zariya, na ba wa hamsin baya. Bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, hawan jini ya sa ni gaba, likita ya ce sai na riƙa motsa jiki. Na gwada injinan gudu, raina bai karɓe su ba. Ƙawar nan tawa, Baturiya ce da muke aiki sashe ɗaya, ita ta ja ni ajin rawa duk ranar Talata da yamma. Sharaɗina ɗaya ne tun ranar farko, ban kuma ɓoye wa kowa ba: ba na rawa da namiji. Ita ke ja, ni ke bi, shekara biyu muna a haka.

A wannan rawa dole a samu mai ja da mai bi. Mai ja shi ke zaɓen taku da inda za a dosa, mai bi tana karanta shi ta jiki, yawancin lokaci da baya take tafiya. Ni mai bi ce kawai, wadda kuma ba ta rawa da maza. A wurin da ban san kowa ba, wa zai miƙo min hannu? Ƙanwata da ke Zariya ta ce, "Haba Yaya, ke kaɗai a otal, garin da ba ki da kowa?" Na fahimce ta, ƙauna ce ta sa ta faɗa. 'Yata kuwa cewa ta yi, "Umma, kin riga kin biya. Jirgin ƙasa bai fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba. In kin ga ba daɗi ki kamo hanya." Maganarta na ɗauka.

Abin da ya fara tarbata shi ne ƙarin kuɗi. Ɗakin mutum biyu muka kama, da na zama ni kaɗai sai aka ɗora min wani abu a kai. Haka tsarin yake a kusan duk irin wannan hutu, kuma har yau ina ganin rashin adalci a ciki, domin yawancin masu zuwa su kaɗai zawarawa ne da 'yan fansho, waɗanda suka fi kowa lissafin kwabo. Da dare aka zaunar da mu, mu marasa abokan rawa, a teburi guda can kusa da ƙofar kicin. Mu goma sha ɗaya, namiji ɗaya tak.

Masu shirya hutun sun san da wannan giɓi, shi ya sa suke ɗauko maza ƙwararru waɗanda aikinsu kawai su zagaya su yi rawa da matan da suka zo su kaɗai. Biyu aka kawo. Ɗaya ya zo ya miƙo min hannu cikin ladabi, na ce ya yi haƙuri. Daga baya wata mata a teburinmu ta faɗa min al'adar wurin: idan ka ƙi wani, to wannan kiɗan ka zauna, kada a gan ka ka tashi da wani daban, cin fuska ne. Nan na gane kuskurena. Da tun kafin in taso na bugo wa masu shiri waya na bayyana musu matsayina, da bawan Allah bai sha kunya a gaban jama'a ba. Washegari na same shi na yi masa bayani, ya ce ba komai, ya kuma sanar da abokin aikinsa. Amma daren farkon nan a zaune na ƙare shi. Sau ɗaya na taka. Na hau ɗaki na yi sallar isha'i, ina jin iskar tekun Ayalan tana bugun taga, na duba lokacin jirgin safe a waya.

Ban tafi ba, saboda na ce bari in ga darasi ɗaya.

Da safe malamar ta ƙirga mu ta ga mata sun rinjayi maza nesa ba kusa ba. Ta tambaya ko akwai matan da za su koma ɓangaren masu ja. Zauren ya yi tsit. Na ɗaga hannu, gabana na faɗuwa.

Wanda bai taɓa sauya ɓangare ba ba zai san wahalarsa ba. Shekara biyu ƙafata ta dama ta saba ja da baya a bugun farko na wals, ɗaya daga cikin raye-rayen da muke koyo, yanzu an ce ta hagu ce za ta yi gaba, kuma da dunduniya za a sauka. Hannuna na dama da ya saba zama a tafin ƙawata ya koma bayan abokiyar rawa, daidai allon kafaɗarta. Wals bugu uku ce, ana sauka a na ɗaya, a ɗaga jiki a na biyu da na uku, wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne mai ja tilas ya yanke shawara kafin bugun ya iso. In ya yi jinkiri ko da ƙiftawar ido ne, mai bi ta rasa abin karantawa. Ga kuma duba hanya. Duk zauren yana zagayawa ne saɓanin hannun agogo, masu sauri ta gefe, masu koyo can wajen tsakiya, kuma ita mai bi ba ta ganin abin da ke bayanta. Amanarta na hannunka. In ta yi karo da wani, laifin mai ja ne.

Na fara da tura mata da hannu. Malamar ta zo ta dafa kafaɗata ta ce in bar hannayen su tsaya yadda suke, in motsa daga tsakiyar jiki, hannu zai bi. Na gwada da wata doguwar mata mai farin gashi. Na matsa gaba da gangar jikina, sai na ji ta tafi salin-alin, kamar ƙwarya a kan ruwa. Aikin jinya ya koya min irin wannan tun tuni, domin majinyaci ma ba a ɗaga shi da ƙarfin damtse, da dukkan jiki ake yi. Ban taɓa haɗa abubuwan biyu ba sai ranar.

Da daren nan komai ya juya. Mata tara a teburinmu suna jiran maza biyu da ke zagaye, ga ni kuma na iya takun wals uku da na wata rawar da ake kira fokstirot biyu. Kaɗan ne ƙwarai, amma sun isa a kewaya zaure. Na tashi na tambayi ta kusa da ni. Kafin a tashi na yi rawa da shida daga cikinsu. Abin da ya ƙara taimakona shi ne rawar jeri, wadda tsofaffin Ingila ke so: kowa a zauren taku iri ɗaya yake yi, jeri guda ana maimaita shi har kiɗa ya ƙare. Mai ja sabon hannu ba sai ya ƙirƙiro komai ba, ya kalli na gabansa kawai.

A rana ta uku aka kai mu zauren rawa na Hasumiyar Blackpool. An buɗe hasumiyar a 1894, an kwaikwayi ta Eiffel da ke Faransa, tsayinta mita 158. Zauren da ke cikinta mai zanen gine-gine Frank Matcham ne ya tsara shi a 1899. Gobara ta ci shi a 1956, aka yi shekara biyu ana gyara har ya koma kamanninsa. Na sha ganinsa a talabijin duk Nuwamba idan gasar rawa ta BBC ta je can, amma hoto bai nuna rabin abin ba: baranda hawa-hawa, ado ruwan zinariya, zane-zane a rufi. Daɓen katako ne guntu-guntu har 30,602, kuma an yi shi yana ɗan lotsawa a ƙarƙashin ƙafa. Gwiwata da ke ƙorafi tun jiya ta yi shiru a kansa. Can sai ga babban ogan, abin kiɗa mai kama da fiyano, ƙirar Wurlitzer, yana fitowa daga ƙarƙashin dandamali da makaɗinsa zaune yana kaɗawa. A wannan kujera makaɗi Reginald Dixon ya yi aiki daga 1930 zuwa 1970.

Na zauna a teburin gaba, bakin daɓe. Wannan ma darasi ne da na koya da wuri: mai zama can baya da jaka a cinya, kowa zai ɗauka kallo ya zo. Na fito da takalman rawata masu ƙasan fata mai laushi na goge su da buroshin waya, domin in sun yi santsi sai su kwashe mutum. Aka kawo shayi da burodi mai haɗi, na ce a ba ni na ƙwai da na kifi. Kwanakin Nuwamba gajeru ne a can, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna rana ta faɗi, don haka ina lura da agogo saboda la'asar.

A teburin da ke gefena akwai wata tsohuwa 'yar Skotlan, za ta kai tamanin, ita kaɗai, da takalman azurfa a ƙafarta. Ba cikin ayarinmu take ba. Kiɗa uku ya wuce tana buga yatsa a teburi. Da aka sa wals na tashi na je na rusuna na ce, "Mama, ko za ki taka da ni? Sabuwar mai ja ce ni, jiya na fara." Ta dube ni, ta dubi ɗankwalina, ta miƙo hannu.

Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta fi ni iyawa nesa, amma ba ta ƙwace jan daga hannuna ba, ko da na ɓata taku sai ta jira ni. A zagaye na biyu ta ce min ita da mijinta sun fi shekara arba'in suna zuwa nan duk kaka. Bara ya rasu. Wannan ne zuwanta na biyu ba shi, kuma a na farko ba ta tashi daga kujera ba har ta koma gida. Na ce nawa shekara uku ke nan. Ba mu ƙara cewa komai ba. Muka ci gaba da zagayawa, ina duba mata hanya.

Da kiɗa ya tsaya ba ta saki hannuna ba. Ta tambaye ni ko na iya fokstirot. Na ce taku biyu kawai na sani. Ta ce sun isa, muka tsaya a wurin muna jiran makaɗi.