Bencin yanka da na haɗa da guntayen katakon shago

Shagona yana Tudun Wada ne a Kaduna, ba nisa da kasuwar Panteka, ni da yara uku muke aiki, gado da wadirof da ƙofofi, wani lokacin bencin islamiyya in Allah ya kawo. Duk wanda ya taɓa shiga shagon kafinta ya san akwai lungun da ake jibge guntayen katako, namu yana bayan ƙofa, in ya taru mai ƙosan layinmu ta turo yaro ya kwasa ta hura wuta. To daga cikin wannan tarin na fitar da bencin yanka katako, abin da yanzu ya fi komai shan aiki a shagon.

Abin da ya jawo, wata rana ba wuta tun asuba kuma muna da ƙofar wani bawan Allah da na yi wa alkawarin Juma'a, sai na ce wa babban yarona ya datse falankin madaci da zarton hannu. Ya ɗora gefe ɗaya kan bokitin fenti, ɗaya gefen kan bulo, ya taka da ƙafa yana yanka, saura kaɗan ya gama sai katakon ya rinjaya ya faɗi ya ɓantare da tsawo kusan taƙi guda. Madaci fa, kun san kuɗinsa yanzu a 'yan katako. Ya ɗago ya ce "Oga wallahi na riƙe shi." Ban yi masa faɗa ba don ba laifinsa ba ne, ni ne ban tanadar masa wurin yanka ba. Babban teburinmu tsayinsa ya kai ƙugu, na goga ne da haɗa aiki, in ka ce za ka ja zarto a kansa kafaɗarka ce za ta ɗaga sama, hannu ya gaji da wuri kuma layi ya karkace.

Washegari bayan la'asar na zazzage tarin nan gaba ɗaya. Na samu tu-bai-fo, wato katako mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4, guda biyu masu tsawon inci 32, ragowar firam, su ne suka zama saman bencin. Tu-bai-tiri huɗu na ƙafafu, sai 'yan guntaye na gicciye. Amfanin guntun da ya shekara a shago shi ne ya riga ya bushe, ya sha hunturu ya sha damina ya gama duk murɗewar da zai yi, sabon katako kuwa in ka sayo shi da ɗanyensa a watan Agusta, kafin Janairu haɗin ya buɗe baki. Amma a duba da kyau. Wanda ka ga ƙananan huji yana zubar da gari kamar fulawa, ƙwaro ya ci cikinsa, a bar wa mai ƙosai. Wanda kuma aka ciro daga aikin dakin, wato inda aka zuba simintin bene, akwai siminti a jikinsa da karyayyun ƙusoshi a ciki, sai ka kankare shi ka zare su tas kafin ka kai fileni, abin goge katako, kusa, in ba haka ba bakin filenin ya tafi.

Maganar tsayi ita ce gaba da komai, kuma ba a kwafarta a wurin wani. Ka tsaya da takalmin da kake aiki da shi, ka auna daga ƙasa zuwa ƙasan ƙoƙon gwiwarka, shi ke nan tsayin bencinka. Nawa ya zo inci 19. Da farko na yanka ƙafafun a 22 don ina ganin kamar ya yi ƙasa da yawa, da na gwada sai na ga gwiwata ba ta danna katakon da nauyin jikina, sai dai na ɗaga ƙafa kawai na ɗora, dole na rage. Dalilin bencin kenan gaba ɗaya, jikinka ne kilam ɗin, wato abin matse katako, ka ɗora gwiwa nauyinka ya sauka a kan falanki ba ya ko motsi, kafaɗarka da hannunka da zarto su zo layi ɗaya a saman yankan. Idan ya yi ƙasa fiye da kima kuma, bakin zarto zai riƙa sarar ƙasa, shi ya sa ake auna shi da zarton da ka fi amfani da shi ma.

Saman ban manne katakan biyu ba, na bar tsakani na inci 1 tun daga farko har ƙarshe. Wannan ratar ita ce hanyar zarto in za ka tsaga katako ta tsawo, layin fensir ya zauna daidai kan ramin, dama da hagu duk suna da abin da ya tallafe su, kana yanka kana turo katakon gaba. Datsewa kuma a bakin bencin ake yi. A datsa nakan kwantar da zarto kamar digiri 45, a tsaga kuma na ɗaga shi ya kusa miƙewa, wajen 60, haka maigidana da ya koya min aiki ya nuna min tun ina share dusar katako.

Ƙafafun na tsayar da su a miƙe, ban buɗa su waje ba, don kar zarto ya riƙa cin ƙafa in ana yanka ta gefe. Don kar ya yi rawa sai na sa musu takalmi, wato guntun katako mai inci 14 a kwance a ƙasa kowane ɓangare, sannan dogon gicciye ɗaya ya haɗa su ta tsakiya. Kowace ƙafa na fafe mata kafaɗa da cizal yadda saman zai zauna a kan katako, ba a kan ƙusa ba, na shafa gam ɗin Top Bond na matse ya kwana. Ƙusa ita kaɗai in ana danna ta kullum da gwiwa wata biyu ta saki.

Abu ɗaya da nake roƙon duk mai son yin irinsa, kar ka bar ƙarfe ko ɗaya a fuskar sama. Sukurorin duk ta ƙasa na ɗaure su. Dole wata rana zarto ya ci bencin, musamman in yaro sabon koyo ne, in ya ci katako ba komai, in ya haɗu da kan ƙusa haƙora uku huɗu sun dakushe, ka zauna da fayil kana wasawa ga mai kaya yana jira. Kuma ban shafa masa banish ba, santsi yake sawa falanki ya riƙa zamewa, na bar shi yadda fileni ya bar shi. Takalman ƙasan kawai na shafa wa baƙin mai saboda gara da damshin damina, don ruwa na ɗan shigo mana ta ƙofa in an yi mai ƙarfi.

Da ɗaya muka fara, sai na ga katako mai tsawon ƙafa 12 ko filawud mai fo-bai-et, wato ƙafa 4 da ƙafa 8, yana buƙatar mai tallafe shi ta can ƙarshe, kenan sai yaro ɗaya ya bar aikinsa ya zo ya riƙe. Sai na ce wa wanda madaci ya ɓantare a hannunsa ya haɗa na biyun da kansa, tsayi ɗaya da na farko, ni ina kallo kawai. Kafaɗa ɗaya ta yi masa faɗi ya sake ta, sauran duk ya yi daidai, kwana biyu ya gama. Yanzu ko an ɗauke wuta ba ma tayar da janareta don datsa katako huɗu ko biyar, sai a jawo bencinan waje inuwar rumfa a yanka. A kansu muke zama mu ci abincin rana, a kansu nake taka in ɗauko kaya a saman kanta, kuma wani kafinta daga Rigasa da ya zo aron kilam ya ciro tef ya auna su, na ce masa Malam auna gwiwarka tukun, ka fi ni tsayi.