Akwai namu a Barazil da ba wanda ya taɓa cigiyarsu

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son rubuta wannan abu amma duk na ɗauko waya sai in rasa ta inda zan faro, yau dai na ce ko ta halin ƙaƙa sai na amayar da shi don ya tsaya min a wuya.

Ni yankan kaji ne ya kawo ni Barazil. Ƙasar nan ita ce kan gaba wajen fitar da kajin halal zuwa Saudiyya da Dubai da sauran ƙasashen Larabawa, to dole suna neman Musulmi masu yanka. A can kudu na fara, jihar Parana, mu da 'yan Senegal da 'yan Bangaladash da wasu Hausawan zango daga Gana, tun asuba kana tsaye cikin sanyi da wuƙa a hannu kana bisimilla har harshenka ya bushe. Can farar fata sun fi yawa, jikokin Jamusawa da Italiyawa, in ka shiga bas sai ka ga wata ta gyara riƙon jakarta. Sanyin wurin da ciwon kafaɗa suka sa na tattara nawa ya nawa na bi wani abokina zuwa Salvador a jihar Bahiya, inda yanzu nake tsaron shagon kayan waya.

To nan ne fa na ga abin da ban zata ba. Gari guda kusan mutum takwas cikin goma baƙaƙe ne ko ruwa biyu, ba mai kallonka, sai ka buɗe baki ake gane baƙo ne kai. Mata sanye da fararen kaya da ɗankwali a bakin titi suna suyar ƙosai, wallahi ƙosai dai namu na wake, sai dai da manja suke soyawa su tsaga cikinsa su zuba busasshen jatan lande da yaji, suna ce masa akaraje. Ranar farko da na ci a tsaye na ci, na ƙara na biyu, idona ya kawo ruwa, mai tuyar tana ta dariya ta ɗauka yaji ne.

Maƙwabciyata wata dattijuwa ce, ta haura saba'in, baƙa wuluk mai fara'a, ni Iya nake ce mata ita kuma ɗana take ce min da yarensu. Ita ta fara lura ba na cin naman alade, in ta yi waken nan nasu da suke dafawa da alade sai ta ware min nawa da kifi ba tare da na roƙa ba. Wata rana da yamma ta tarar ina alwala a bakin famfon tsakar gida, ta tsaya tana kallona har na wanke ƙafa, sannan ta tambaye ni wace ƙabila ce ni a Afirka. Na ce Bahaushe. Sai ta dafe ƙirji ta nemi wuri ta zauna a kan bokiti. Ta ce kakarta ta sha ba su labari cewa tata kakar Bahaushiya ce, ba ta cin alade, tana wanke fuska da hannu da ƙafa kafin gari ya waye ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ba wanda ya san me take yi a ciki. Iyakar abin da ya rage musu ke nan, ba suna ba gari. Ita Iya coci take zuwa, kuma tana zuwa wajen bautar gargajiyarsu ta Kandombile da ta samo tushe daga Yarabawa da mutanen Dahomi.

Sai ta kama hannuna, hannun ma bai bushe ba, ta ce, ɗana, a can garinku ana tunawa da mu? In an zauna ana ambaton waɗanda aka tafi da su?

Jama'a bakina ya mutu murus. Yaren nasu ma da na ɗan iya ya gudu. Me zan ce mata? Na yi firamare na yi sakandare na yi makarantar allo da ta dare, na haddace Bayajidda da Hausa Bakwai da Banza Bakwai da sunayen masu tuta, amma ko sau ɗaya wani malami ko wani tsoho bai taɓa ce min akwai Hausawan da aka loda a jirgin ruwa aka haye teku da su ba. Mu a wajenmu cinikin bayi na teku abin 'yan kudu ne da Turawa, labarin Badagiri ne da Kalaba. Na ce mata muna yi wa dukkan magabata addu'a, wanda gaskiya ne, amma ita ma ta gane ba abin da ta tambaya ke nan ba. Ta ɗan bubbuga hannuna ta tashi. Kunyar ranar har yau ba ta sake ni ba.

Daga nan na shiga tambaya, a masallacin da muke Juma'a a unguwar Nazare da wajen wani ɗalibin tarihi da yake zuwa shagonmu. Cikin mutum wajen miliyan 12 da rabi da aka kwasa daga Afirka aka haye tekun Atalantika da su, kusan miliyan 5 nan Barazil aka nufa da su. Amurka da muke ta jin labarinta a fim waɗanda aka sauke mata kai tsaye ba su kai dubu 400 ba. Sauran an watsa su Jamaika da Haiti da Kuba da Kolombiya da ƙananan tsibiran nan na rake. Barazil ba ta daina shigo da bayi ba sai 1850, ba ta soke bautar kanta ba sai 13 ga Mayu 1888, ita ce ta ƙarshe a duk nahiyar Amurka. A ƙidayar 2022 sama da kashi 55 cikin ɗari na mutanen ƙasar sun ce su baƙaƙe ne ko ruwa biyu, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, ku lissafa da kanku.

Namu kuma yawancinsu bayan 1804 suka iso, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi. Wanda aka kama a fagen fama ta wannan ɓangare ko wancan, da wanda aka tare a hanyar fatauci ko a gona, sai a yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu ta Nufe da ƙasar Oyo har bakin ruwa, Ikko ko Badagiri ko Porto-Novo ko Wida, a can a musanya shi da tabar Bahiya. Taba fa, ɗan Adam sukutum da guda. Wani jakadan Faransa da ya zauna a Bahiya kafin 1850 ya yi hira da wasunsu ya rubuta, suna faɗa masa garuruwansu, Kano, Katsina, Zariya, suna lissafa masa zangon da suka bi har teku.

Kuma wallahi ba su kwanta an taka su ba, nan ne nake jin kaina ya yi girma. A 1807 Hausawan Salvador suka shirya tawaye, kowace unguwa da shugabanta, cikin shirin har da ƙwace jirage a koma gida, aka tona asirin kafin ranar. Suka sake tashi a 1809, suka sake a 1814 a wajen masunta na Itapuwa, inda yanzu mutane ke zuwa wanka a bakin teku. Babban shi ne na daren 24 wayewar 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, wanda suke kira tawayen Male, sunan da ake kiran Musulmin Afirka da shi a Bahiya a lokacin. Wannan Yarabawa Musulmi ne suka fi yawa a ciki, amma akwai Hausawa da Nufawa, cikin malaman da aka kama har da wani Bahaushe mai shagon taba da ake kira Dandara wanda yake koyar da karatu. Mutum wajen 600 suka fito da fararen riguna da layu a wuya da takubba, suka fuskanci masu bindiga da dawaki, aka kashe kusan 70 a daren, a wajen barikin sojan doki na Agua de Meninos aka ƙare. Ni nakan wuce wurin a bas in zan je sarin kaya. An harbe huɗu a watan Mayu, wasu an yanke musu bulala ɗaruruwa, wani tsohon malami Pacifico Licutan har dubu. Wasu aka kora su Afirka, wasu da suka fanshi kansu suka biya kuɗin jirgi suka bi baya, su ne Aguda na Legas da Tabom na birnin Accra.

Ɗalibin nan ya nuna min hotunan takardun da 'yan sanda suka cire daga jikin gawarwaki da ɗakunan mutanen, har yau suna ajiye a gidan adana takardun jihar. Da na ƙara girman hoton a waya sai tsigar jikina ta tashi. Rubutun allo ne irin namu, mai kaurin baƙi, bisimilla a sama, ayoyi da addu'o'i, wani ma ka ga hannun ɗan koyo ne yana maimaita layi ɗaya. Shi da ya yi shekaru yana nazarinsu sai da fassara yake ganewa, ni kuwa da ko digiri ba ni da shi na karanta masa a take. 'Yan sandan lokacin ma wani bawa Bahaushe suka nemo ya karanta musu. Mutum yana dako a kai ko yana ɗaukar Bature a kujera yini guda, dare ya yi ya shiga ɗakin ƙasa ya jiƙa tawada.

Su nan ba su manta ba. Tun 2003 doka ta wajabta koyar da tarihin Afirka a makarantunsu, ranar 20 ga Nuwamba kuma hutu ne na tunawa da Zumbi, shugaban garin bayin da suka gudu na Palmares da aka kashe a 1695. Ban ce sun zama aljanna ba, ka leƙa unguwannin talakawa da gidan yari ka ga wace fata ta cika su. Amma dai ana maganar a fili.

Abin da ya sa na kasa yin shiru yanzu shi ne abin da yake faruwa a gidanmu. Ƙanena da yake bi na yana neman wata yarinya a ƙauyen da ke gaba da namu, yarinya mai hankali, ta sauke Alƙur'ani, tana koyarwa a Islamiyya, Inna tana sonta kamar me. An kai gaisuwa, an fara maganar sa rana, ni har na tura kuɗin akwati. Sai Baffa, wan mahaifinmu, wanda shi ne uba a gare mu tun rasuwar Baba, ya ce a dakata zai yi binciken asali. Bayan sati biyu ya tara mutane a zaure ya ce ba za a yi ba, wai kakannin yarinyar 'yan rinji ne, bayin gandun wani basarake ne, gidanmu ba a haɗa iri da su. Shi ke nan fa laifinta. Ba a ce ubanta ɓarawo ba ne, ba a ce ba sa salla ba.

Na kira shi, sai da na bari ya dawo daga masallaci bayan isha'i, nan wajenmu rana ba ta ma faɗi ba. Na gaishe shi na tambayi ƙafarsa da gona, sannan na ce Baffa don Allah ina da magana in an ba ni dama. Na ba shi labarin Iya da takardun nan. Na ce Baffa waɗanda aka bari a rinji da waɗanda aka miƙa teku hari ɗaya ya kwaso su, wani aka tsayar a Kano wani aka wuce da shi, kuma da yawansu 'ya'ya ne masu salla, Ahmad Baba na Tumbuktu tun wajen 1615 ya ba da fatawa cewa mutanen Kano da Katsina da Gobir da Barno Musulmi ne bai halatta a bautar da su ba, Shehu ma cikin abin da ya yi kuka da shi har da sayar da 'ya'ya Musulmi. Na ce a hukumance ma an rufe babin bauta a Arewa tun 1936, kafin a haife shi. Ya saurare ni har na gama, don Baffa ba ya katse mutum, sannan ya ce, kai yaro, kowa ya bar gida gida ya bar shi, ka je ƙasar da ba a san uban kowa ba kana so ka koya mana zama. Ya ce a gaida mutanen wurin ya kashe waya.

Wannan kalma ta ƙasar da ba a san uban kowa ba ita ta fi ƙona min rai, na kwana ina juyi. Wa ya raba su da sanin uban nasu? Muna zagin Turawa kan bauta, kuma sun cancanci zagin, amma laifi tudu ne. Mu da muka riƙe lissafin wane jikan bawa ne har tsawon kaka da kakanni ba mu ɓata ko ɗaya ba, mu ne kuma ba mu riƙe sunan mutum ɗaya cikin waɗanda aka sayar ba.

Ina son Baffa, kar wani ya fahimce ni a karkace. Shi ya biya min kuɗin jarabawa, shi ya sayar da bijiminsa lokacin da nake haɗa kuɗin tikiti, kuma duk sallar layya ni nake tura kuɗin ragonsa, bana ma na tura. Abin da ya gada ne yake riƙe da shi yana ganin amana ce. Amma ƙanena ya rame, Inna ta ce ba ya cin tuwon dare sai ya ce ya ƙoshi, yarinyar kuma ta daina bin hanyar ƙofar gidanmu in za ta makaranta, tana zagayawa ta bayan masallaci. Ubanta da aka mayar masa da magana cewa ya yi Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, bai ƙara ko kalma ba, kuma ya san dalilin sarai.

Ga ni nan nesa, abin da nake iyawa sai waya da tura kuɗi. In na rufe shago na dawo ɗaki ba mai ce min sannu da Hausa, in kunna muryar Inna da ta turo a WhatsApp in yi ta maimaitawa, rabinta gaisuwa ce rabi kuma roƙo, wai in yi haƙuri kar in sake kiran Baffa kan maganar sai Yaya Babba ta zo daga Zariya ta same shi, don ita kaɗai yake jin nauyi. Na ce to Inna. Limamin garinmu ma an ce ya yi alkawarin zai sa baki bayan an gama girbi. Na faɗa wa ƙanena kar ya karɓi akwatin in an dawo da shi, ya bar shi a ɗakin gwaggon yarinyar, sadaki kuma ni zan biya duk ranar da aka tsayar.