Yadda na sauki Linux baƙo a cikin kwamfutata

Kwamfuta ɗaya gare ni, laftof mai Windows, kuma a kanta nake buga wa mutane takardu ina samun na cefane. Shi ya sa duk son da nake yi wa Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, na kasa goge Windows in sa shi, domin in ta lalace sana'ata ce ta tsaya. Wani ƙanena ne ya nuna mini cewa ba sai na goge komai ba, akwai VirtualBox.

Manhaja ce ta kyauta daga kamfanin Oracle. Tana yanko wani sashe na ƙarfin kwamfutarka ta gina wata kwamfutar a ciki, wadda kake buɗewa a taga kamar sauran manhajoji. Masu harkar suna kiran Windows ɗin mai masauki, Linux kuma baƙo. Sunan ya dace ƙwarai, don duk abin da baƙon zai ci daga tukunyar mai gida yake fitowa.

Na zaɓi Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, wanda kamfanin Canonical ya fitar a Afrilun 2024 da alkawarin kula da shi shekara biyar. Fayil ɗinsa na ISO, wanda ake saukewa daga intanet a sa shi da shi, ya kusa gigabayit 6, sai da na jira tsakar dare lokacin da data ke sauƙi. Da na kunna na'urar da na gina a VirtualBox sai ta ƙi tashi, ta ce VT-x, fasahar da ke ba kwamfuta damar ɗaukar baƙo, a kashe yake. Na yini ina zaton fayil ɗin ne ya lalace, ashe wani saiti ne a BIOS, wato saitunan tushe na kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi. Na sake kunna laftof ɗin, na shiga na buɗe shi, cikin minti biyu matsalar ta kau.

Kuskure na biyu a rabon RAM na yi shi, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita. Gigabayit 8 gare ni, na ba baƙo 6 don ya ji daɗi. Nan take Windows ya shaƙe, shi ma Ubuntu ya tsaya cak, tunda a kan Windows ɗin yake zaune. Na rage zuwa 3, sannan na koma Xubuntu, ɗan'uwan Ubuntu, wanda fuskarsa ta Xfce ba ta da nauyi. Tun daga nan kowa ya samu sararin numfashi. Allon ma da farko ɗan ƙarami ne a tsakiya, sai da na sa Guest Additions, ƙarin manhajar VirtualBox da ake sa wa baƙo, sannan ya cika, na kuma samu jakar fayil guda da ɓangarorin biyu ke gani.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne hoton yanayi, wato ka adana na'urar yadda take a wani lokaci don ka iya komawa. Wata rana ina tsakiyar sabunta manhajoji aka ɗauke wuta, batirina kuwa ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo, Xubuntu ya ƙi buɗewa. Da a ainihin kwamfutar na sa shi, da ranar ban yi barci ba. Na koma hoton da na ɗauka da safe, komai ya dawo daidai, takardun mutane da ke Windows kuwa babu abin da ya taɓa su. Wannan ne ya cire mini tsoron taminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Yanzu ina buga umarni da sudo, kalmar da ke ba ka cikakken iko a kan na'urar, in ga abin da zai faru, in ya ɓaci in koma baya. Sai dai hotunan suna cin wuri a faifai, kuma a faifan laftof ɗin suke zaune, in ya mutu tare za su tafi. Don haka muhimman fayiloli ina kwafe su a filashi.

Wani abin da ya faranta mini rai: a saitin madannai na tarar da tsarin Hausa, ina buga ƙ da ɗ da ɓ ba tare da na sa wata manhaja ba. Makon jiya a LibreOffice, manhajar rubuta takardu, na buga katin ɗaurin aure na farko daga cikin baƙon, na fitar da shi PDF na tura jakar da muke rabawa da Windows.